Nauyin Kwando

Litinin, 4 ga Satumba, shida da rabi na safe

Inabin bana ya yi zaƙi. Jiya kaɗai mun shanya kwando ɗari da tamanin. In rana ta riƙe haka mako uku, zabibina zai fi na kowa a tsibirin nan, kamar kullum.

'Yata Venera ta dawo gidanmu da zama tun Juma'a. Mijinta Nicasio yana kan jirgin dakon mai, sai ƙarshen Oktoba zai sauka, ga cikinta ya shiga mako na talatin da uku. Uwarta Crocetta ta ce ba za ta bar 'yarta tilo ta zauna ita kaɗai da wannan ciki ba. Na ce dama abin da nake shirin faɗa ke nan.

Ignazia ungozoma ta kawo kayan gwamnatin yanki: littafin ciki mai koren bango da na'urar awon jini. Wai sabon shiri ne na ceton masu ciki, daga Palermo har ƙauyen ƙarshe. A auna safe da yamma a rubuta. In lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a kira ta, mace ta haye teku zuwa asibitin Trapani ba jira. In ba ta kai ba, sai mako na talatin da bakwai ta haye, ta zauna a ɗakin da suka kama wa matan tsibirai har ta haihu.

Na ce wa Ignazia da sun bar mana ɗakin haihuwarmu, da ba sai sun raba mana kayan wasa ba. Shekara takwas ke nan da rufe shi, wai ba ma haihuwa ɗari biyar a shekara. Shekara takwas babu yaro ko ɗaya da katinsa ya ce a nan aka haife shi. Duk 'yan Trapani ne a takarda. Ta ce ta sha jin wannan jawabi a taron kwamitina na neman a sake buɗe shi har ta haddace, in matsa ta nuna wa Venera yadda ake ɗaura abin.

Venera da tsoro tun tana ƙarama. Na'urar na fara matse mata hannu ta runtse ido, ta ce kar ma a gaya mata. Sai aka bar mini karantawa da rubutawa. Wa ya fi ni dacewa? Shekara arba'in ina kan sikeli.

134 da 84.

Laraba, 6, da yamma

Ƙafafun Venera sun kumbura, silifas ɗina take ja a tsakar gida. Crocetta ta ce ita ma haka ta yi da cikinta. Zafi ne.

Alhamis, 7, bakwai na safe

Akwai abin da likitocin Palermo ba su sani ba, wanda duk mai sayen inabi ya sani. Abin da sikeli ya nuna ba shi ne nauyin kaya ba. Akwai kwando, akwai ganye, akwai raɓar safe. Sai ka cire nauyin kwando kafin ka san abin da ka saya. Na koyi wannan ina ɗan shekara goma sha biyar, ina dakon kwanduna a bakin tashar jirgi, shekarar da na bar makaranta a aji uku. Da shi na gina rumbu biyu da gidan nan, ba da takardar kowa ba.

Yarinyar da jikinta ke ɓari tun kafin a ɗaura mata abin. Ta hau matakala. Ga zafi. Ga kofi da na san tana kurɓa a ɓoye in uwarta ta juya baya. Wannan duk kwando ne.

Na rubuta 136 da 86.

Asabar, 9, bayan abincin rana

Taron kwamiti a shagon Fortunato mai aski. Mu bakwai, in ka haɗa da wanda ake yi wa aski. Za mu sake rubuta wa Palermo. Fortunato ya ce takarda ta isa haka, abin da muke bukata shi ne jariri ɗaya lafiyayye da aka haifa a nan. Ya ce ai in naƙuda ta zo bagatatan, ƙaramin asibitinmu ba ya korar mace, doka ma ba ta ce a kore ta ba. Sai ya nuna ni da almakashi, wai Don Baldo, yadda suke taƙaita sunana Baldassare, ga jika na tafe, ya riƙe 'yarsa mana, mu sa hoton yaron a tuta. Aka yi dariya. Na ce masa ya kula da kunnen mutumin da ke hannunsa.

Ban taɓa wannan tunanin ba. Na rubuta a nan don ya zama a rubuce: ban taɓa wannan tunanin ba.

Venera ce ma ta roƙe ni. Jiya da yamma, idonta a rufe, na'urar na kuka, ta ce, "Papà, kar ka bari su kai ni wancan ɗakin tun yanzu. Wata guda ina kallon bango ni kaɗai, Mamma ba za ta iya barin shanya ba."

Na ce ba inda za ta je sai lokaci ya yi.

Litinin, 11, da safe

Na rubuta 135 da 85. Ta ci kuskus da kifi sosai jiya, har ta nemi ƙari. Mara lafiya ba ya neman ƙari.

Talata, 12, ƙarfe biyar na yamma

Ignazia ta zo duba na mako. Ta auna da tata na'urar, ta sami 146 da 92. Ta jira minti goma ta sake, kusan haka. Ta ɗauki koren littafin ta karanta daga sama har ƙasa, a hankali, da yatsa. Ta ce rubutuna kamar na lauya. Ta ce akwai matan da jininsu ke hawa da sun ga ma'aikacin asibiti, wataƙila Venera na cikinsu, tunda na gida duk ƙalau suke. Ta gwada fitsari, ta ce akwai 'yar alama, ba mai yawa ba, za ta sake mako mai zuwa. In ciwon kai ya zo, ko ta fara ganin walƙiya-walƙiya a ido, a kira ta ko tana wanka.

Na raka ta bakin ƙofa. Tana sa hular babur ɗinta ta tsaya.

"Don Baldo, lambobin nan, haka na'urar ta ba ka su?"

"Kin taɓa jin wanda ya ce na cuce shi a sikeli?"

Ta ba ni haƙuri. Ta ce aikinta ne ta tambaya. Na ba ta zabibin bara cikin leda ta kai wa uwarta.

Ban cuci kowa ba. Gyara na yi.

Alhamis, 14, shida na safe

Kafin su tashi na ɗaura abin a hannuna. 128 da 80. Na ce bari in gwada Crocetta, na ce mata wasa nake. 122 da 78. Na canza batir. Na sake auna kaina. 128.

Na so a ce na'urar ce ta lalace. Kayan gwamnati ne, me zai hana ta lalace?

Juma'a, 15, da yamma

Abin da na cire yau ya yi yawa. Babu kwandon da ya kai haka.

Asabar, 16, da rana

Zoben auren Venera ya shige cikin yatsa. Mun gwada sabulu, mun gwada man zaitun, ƙarshe na yanke shi da filaya. Ta yi kuka, ba don zafi ba, wai me za ta ce wa Nicasio. Na ce zan sa a ƙera mata wanda ya fi shi. Da na riƙe hannun, inda na danna ya lotsa bai dawo ba.

Fuskarta ta canza. Idanun sun yi ƙanana.

Crocetta ta same ni a rumbu ta ce a kira Ignazia. Na ce Talata ta kusa. Ta ce me littafin ya ce, na ce ga shi can ta je ta karanta. Ta ce ita ba littafi take kallo ba, fuskar 'yarta take kallo, kuma ta auri tsohon jaki, jakin ma na dutse, wanda in ya kafe sai an kunna masa wuta a ƙasa. Na ce jakin nan dai shi ya ɗauke ta daga ɗaki ɗaya ya kawo ta gida mai bene. Ta ce to benen ya haifa mana jikan. Ta tafi.

In na kira yau, sai in ce me? In ce littafin da aka yaba wa rubutunsa ranar Talata...

Talata ta kusa. Kwana uku ne.

Lahadi, 17, bayan coci

Na je coci. Crocetta ta kalle ni kamar ta ga kifi a kan bishiyar zaitun. Na kunna kyandir biyu. Fada ya tambaye ni ko lafiya, na ce don zabibi ne.

An ce Ignazia ta haye da jirgin safe, ta raka matar wani masunci da jini ya ɓalle wa. Gobe za ta dawo.

Iskar kudu ta fara tasowa. Teku ta yi fari daga nesa.

Litinin, 18, takwas na safe

Jirgin ruwa bai zo ba. Jirgin sama ma an soke.

Litinin, huɗu na yamma

Mun yini muna rufe shanya, iska na fizge tamfol daga hannunmu. Ma'aikata suna mini magana ba na ji. Sau uku na koma gida wai na manta wani abu. Venera na kwance, ta rufe taga, ta ce haske na damunta.

Na auna. Na daɗe da biro a hannu. Na rubuta 138 da 88.

Gobe zan faɗa. Da Ignazia ta sauka daga jirgi zan tare ta a tasha in faɗa mata mu biyu.

Talata, 19, ƙarfe ɗaya na rana, a barandar asibiti

Jirgi bai zo ba. Ignazia ta bugo daga Trapani da ƙarfe tara, ta ce tunda ta maƙale a can in karanta mata na mako. Na buɗe koren littafin na karanta. Ta ce madalla. Ta ce Venera fa? Na ce ɗan ciwon kai ne. Ta ce in ba ta wayar.

Ina tsaye na ji 'yata na cewa tun jiya take ganin kamar tartsatsi, kuma ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama na ciwo, ta ɗauka kuskus ne. Ta miƙo mini wayar. Ignazia ta ce in auna yanzu, in bar wayar a buɗe kusa da na'urar, in karanta da ƙarfi. Venera ta runtse ido. Crocetta na bakin ƙofa da tsumma a hannu. Da na'urar ta gama, na ɗauki wayar na fita tsakar gida, Crocetta ta biyo ni.

Na ce, "172 da 112."

Ignazia ta ce, "Jiya da yamma fa?"

"164 da 106."

"Littafin ya ce 138."

"E."

"Fara daga farko, Don Baldo."

Na fara daga ranar bakwai ga wata. Duk suna kaina. Ban taɓa manta lambar da na gani da idona ba. Na jero su safe da yamma, kwana goma sha biyu, ita tana rubutawa, ina jin ƙarar biro. Ba ta zage ni ba. Da na gama ta ce in sa Venera a mota yanzu, kar in bari ta taka matakala da ƙafarta, za ta kira asibitinmu ta kira Trapani.

A bakin ƙofar asibiti jijjiga ta kama ta. Ba zan rubuta wannan ba.

Talata, biyu da rabi

Likita ɗaya ne, yaro ne, bai kai shekarun Nicasio ba. Ya sa mata allura da ruwa, jijjigar ta tsaya. Ya ce maganin abin shi ne a fitar da ɗan, kuma a nan babu mai sa barci a yau, babu jinin da ya isa, babu kwalbar bakwaini. Ya nemi helikwafta. Sun ce iska.

Talata, huɗu

Iska.

Crocetta na zaune a ƙarshen benci. Akwai wurin mutum huɗu tsakaninmu. Tun safe ba ta ce mini ko jaki ba.

Ya Allah. Ban iya addu'a ba. Ni ne, ba ita ba.

Talata, shida saura

Helikwaftan sojoji ya zo, babba, wanda ke iya iska. Ba su ɗauki dangi ba. Na ga ƙafarta kawai da suke turawa, ƙafar da ta kumbura, ba takalmi. Muka tsaya a filin har ƙarar ta ɓace.

Laraba, 20, bakwai na safe

Ignazia ta bugo wa Crocetta, ba ni ba. An yi wa Venera aiki. Mace ce. Kilo ɗaya da ɗari takwas, tana kwalba, tana numfashi da taimako.

Venera ba ta farka ba. Sun sa ta barci da gangan. Akwai maganar ƙoda, akwai maganar hanta. Crocetta ta faɗi wannan tana kallon tukunya, kamar tukunyar take gaya wa.

Yau ma ba jirgi.

Laraba, da yamma

Na'urar na kan tebur inda na bar ta. Na kasa ɗauke ta, na kasa zama a ɗakin.

Alhamis, 21, a cikin jirgi

Iska ta faɗi. A tasha Fortunato ya tare ni, ya rungume ni. Ya ce duk gari na magana, da ɗakin haihuwarmu na buɗe da haka ba ta faru ba, ya riga ya fara rubuta wa jarida, sunana kawai yake jira a ƙasa. Mutane sun kewaye mu suna gyaɗa kai. Da na ce e, da shi ke nan, har in mutu a haka za a san labarin.

Na ce masa kar ya rubuta komai. Ya ce don me. Na ce don na ce. Bai taɓa jin muryata haka ba, ya sake ni.

Awa shida ne zuwa Trapani. Crocetta na sama, ni ina ƙasa wajen motoci.

Juma'a, 22, da rana

Minti biyar suka ba mu, ɗaya bayan ɗaya. Roba a baki, roba a hannu. Akwai wata jaka a gefen gado da suke duba fitsari. Kusan ba komai a ciki. Likitar ta ce wannan jakar muke jira. Na tambaya in bai zo ba fa. Ta ce mu jira tukuna.

Ta san ko ni wane ne. Na gani a yadda ta kalli hannuna, ba fuskata ba. Ta ce abu ɗaya ya taimaka, da suka san tun yaushe jinin ya hau, ba su ɓata lokaci ba. Ina jin ta faɗa ne don ta rage mini. Bai ragu ba.

An sami Nicasio ta rediyon jirgi. Zai sauka a tasha ta gaba, kwana biyar ko shida.

Asabar, 23

Ta buɗe ido. Ta gane uwarta.

Lahadi, 24, da yamma

Jakar dai haka. Kaɗan, launin shayi.

Na ga jikar ta bayan gilashi. Ban san me ake ji ba. Tsoro kawai nake ji.

Litinin, 25, ƙarfe uku

Ignazia ta zo duba ta. A baranda ta ce mini ta gaya wa likitoci komai, ta kuma rubuta a rahotonta, har da nata kuskuren na yarda da littafi fiye da na'urar da ke hannunta. Amma ba ta gaya wa Venera ba. Ta ce wannan aikina ne.

Na shiga da niyyar in bari sai ta ƙara warwarewa. Na same ta tana kuka ba sauti. Ta ce ita ta jawo. Ta ce kofi take sha a ɓoye, da kifin gishiri da ta riƙa ɗauka a kwalba da rana, Ignazia ta hana ta ba ta ji ba. Ta ce jininta lafiya lau yake har ranar Litinin, ga littafi nan shaida, sai ta lalata komai da kwaɗayi, yanzu 'yarta na cikin kwalba saboda ita. Ta ce ba za ta iya kallon Nicasio ba.

"Papà, kai ka gani ai. Lafiya nake, ko ba haka ba?"

Crocetta na tsaye a bakin taga. Karo na farko cikin kwana shida ta kalle ni.

Na ce, "Ba lafiya kike ba. Tun ranar bakwai ga wata ya wuce 140. Ni na rage."

Ba ta gane ba. Na sake faɗa. Na ce kullum ina ragewa, da farko kaɗan, daga baya da yawa. Na ce ba kofi ba ne, ba kifi ba ne. Ta ce don ta roƙe ni kar a kai ta ɗakin nan ne? Ta miƙo mini ƙofar fita da hannunta, 'yata, tana kwance da roba a wuya.

Na ce, "A'a. So na yi a haife ta a gida."

Ta daɗe tana kallon rufin ɗakin. Kukan ya tsaya. Sannan ta juya fuskarta wajen bango ta ce, "Mamma, ki fitar da shi."

Ba sai an fitar da ni ba.

Talata, 26, goma na safe

Ina kan benci a ƙasa, wajen injin kofi. Nicasio zai iso jibi. Ni zan tare shi a tashar bas, ni zan gaya masa, kafin ya hau sama.

Talata, sha biyu da kwata

Crocetta ta sauko. Ta zauna kusa da ni, ba a ƙarshen benci ba. Ta ce jakar ta cika rabi tun safe, launin ya washe, likita ta ce ƙodar ta tashi. Na sa hannu na rufe fuskata, ta bar ni har na gama.

Na tambaya ko Venera ta ambace ni. Ta ce ta ce ba ta son ganina tukuna.

Na ce da bakinta ta ce tukuna, ko ke kika ƙara? Ta ce da bakinta. Na sake tambaya. Ta ce, "Baldassare, ni ba na gyara abin da aka ba ni. Tukuna ta ce."